Cire Jesin Nan Kafin Ka Kama Sandar Walda

Ɗan'uwa, in dai kana leƙa TikTok ko Facebook, na san ka sha cin karo da irin bidiyon nan: matashi a tsugune gaban ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi ta ko'ina, an ɗora kiɗa a ƙasa, an rubuta wani abu a kan neman halal. Mu kuma sai mu yi ta zuba addu'a a wajen sharhi. Allah Ya sa albarka, Allah Ya dafa. Duk daidai ne. Amma don Allah koma ka sake kallon bidiyon, ka bar tartsatsin, ka dubi abin da ke jikin yaron. Galibi jesin ƙwallo ne. Na Arsenal, na Barcelona, na Madrid, wanda dai zuciya ke so.

Ni ma da ba na lura. Hutun da ya wuce ne na je gida Kazage na tarar da ɗan ƙanwar mahaifiyata, mai shekara 17, zaune a zaure ba riga, an naɗe masa kafaɗa. Wata takwas ke nan da aka kai shi koyon walda. Ranar da abin ya faru suna haɗa ƙarafan wata rumfa, yana aiki sama da kansa, sai ɗigon narkakken ƙarfe ya faɗo masa a kafaɗa. Ɗigon bai kai ƙwayar gero biyu ba. Amma jesin da ke jikinsa ya narke a wurin, ramin ya buɗe, robar ta manne da fata tana ci gaba da ci. Abokin aikinsa cikin ruɗewa ya finciko rigar, ta taho da fatar. Ya ce mini, “Yaya, wallahi ba ƙarfen ne ya ƙona ni ba, rigar ce.” Mako uku bai shiga shago ba.

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ce mako uku me ne ne. To bari in gaya maka. Kazage mazaɓa ce a gabashin Birnin Gwari, kuma duk mai bibiyar labarai ya san abin da ya sami garin Damari a 2022, lokacin da jama'a suka watse suka bar gidaje da gonaki. Bayan sulhun da aka yi, har Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024 bayan ta shafe shekaru a rufe, mutane suka soma komawa. Wanda ya koma gida kuwa ƙofa yake nema da taga. Garmar shanu ta yi tsatsa, amalanke ya karye, injin niƙa na son gyara, babur ya tsage a ƙashi. Duk aikin mai walda ne. A yankin da yaro ke da hanyoyi marasa kyau da yawa a gabansa, wanda ya zaɓi ya tsuguna gaban oga ya koyi sana'a bai kamata rigar gwanjo ta kwantar da shi ba. Ga asibiti ba kusa ba. Ƙuna in ta yi zurfi sai an ɗauki mutum zuwa Birnin Gwari ko Funtuwa, in ta fi ƙarfin nan sai Shika a Zariya, da kuɗin mota da na magani da na mai jinya.

Abin da ke faruwa ba sihiri ba ne. Ƙarfe na narkewa ne a wajen digiri 1,500 a ma'aunin Selshiyos, wutar da ke bakin sandar walda kuma ta ninka haka. Jesi da yawancin rigunan da muke so don ba sa yamutsewa da zaren roba ake yin su, wato foliyesta ko nailan, kuma foliyesta na narkewa tun a wajen digiri 250. Ka ga ai babu ma gasa. Auduga ita ma tana cin wuta, kada wani ya ce na ce ba ta ci. Bambancin shi ne ba ta narkewa. Tartsatsi ya faɗa kan auduga mai kauri, sai ya bar ɗan baƙin tabo ko ƙaramin rami, ka kakkaɓe ka ci gaba. Roba kuwa narkewa take ta zama kamar kwalta mai zafi, ta liƙe, ta riƙe zafin a jikinka. Yadin da aka gauraya auduga da roba shi ma ba mafita ba ne: audugar ta kama wuta, robar ta narke a kanta.

Akwai kuma ƙunar da ba a gani sai dare. Hasken walda na ɗauke da irin haskokin rana masu ƙona fata. Su ne ke sa mai walda ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido, kuma su ne ke dafa wuya da damtse in riga ba ta rufe ba, fatar ta yi ta saɓa bayan kwana biyu. Tun 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda da wannan hasken a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Jesi kuwa raga ce, ƙananan ramuka gare shi don iska ta shiga. Inda iska ta bi, haske ma zai bi.

To wace riga za ka saya? Ba sai ka yi oda daga Turai ba. Shiga layin 'yan gwanjo, ko a Funtuwa ko Kasuwar Barci a Kaduna ko ranar kasuwar garinku, ka nemi rigar jins mai dogon hannu ko kaki mai nauyi. Juya cikinta ka duba ɗan ƙyallen da ke wuya ko a gefe. In an rubuta 100% Cotton, ka kama hanya. In ƙyallen ya goge ko kana shakka, don su ma masu rubutun ba duka ke faɗin gaskiya ba, ga gwajin da bai wuce minti ɗaya ba: zaro ɗan zare daga cikin ɗinki, ka fita waje ka sa masa ashana. Auduga za ta ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa. Roba za ta tsuke ta guje wa wutar, ta yi warin leda, ta dunƙule ta zama baƙin ƙullutu mai tauri. Sannan ɗaga rigar sama ka kalli rana ta cikinta. In kana hango haske sosai, ta yi shara-shara, ajiye ta. Launi kuma mai duhu ya fi, shuɗi ko ruwan ƙasa, domin fara tana mayar da hasken walda ta ƙarƙashin garkuwar fuska.

Wani lokaci a cikin dilar gwanjo akan dace da ainihin kayan ma'aikatan ƙasashen waje. In ka ga an rubuta FR, ko lambar ISO 11611, wannan lambar ita ce ma'aunin duniya na tufafin walda, kada ka tsaya dogon ciniki. Ɗauka kawai.

Ni dai a ganina ɗinkawa ta fi, kuma a nan ne nake son telolinmu su farka. Ka sayi yadin kaki na auduga ka kai wa tela, ka zauna ka yi masa bayani. Hannu ya kai har wuyan hannu, da maɓalli. Wuya ya rufe har maƙogwaro. Aljihu ko dai babu, ko a yi masa marfi, domin buɗaɗɗen aljihun ƙirji tarkon tartsatsi ne: ya faɗa ciki ya kwanta yana ci ba ka sani ba. A rufe maɓallan da ninkin yadi. Kafaɗa da gaban hannu a ninka yadin biyu, nan ne wuta ta fi sauka. Ka roƙe shi ya yi amfani da zaren auduga, don zaren da ke kan yawancin kekunan ɗinki na roba ne, sai ka ga yadi lafiya lau amma ɗinki ya saki. Kada ta matse ka, kada kuma ta yi burum-burum har injin yankan ƙarfe ya cafke ta. Singiletin da ke ciki ma ta zama ta auduga, in ba haka ba an yi ba a yi ba.

Abin takaici, a ce yankin da ke maƙwabtaka da Funtuwa, cibiyar auduga, a jihar da aka kafa masaƙar Kaduna tun 1957, shi ne matasansa ke yawo cikin leda. Masaƙun Kakuri sun yi shiru tun muna cikin zanen goyo, wasunmu ma ba a haife mu ba. Wannan dai zancen wata rana ne.

Na san abin da za ka ce. Zafi! A watan Maris ko Afrilu, a ƙarƙashin rumfar kwano, janareta na huci a gefe, wa zai sa jins? Gaskiya ne, kuma ba zan zauna a ɗakin karatu a ƙarƙashin fanka in ce maka ba komai ba. Shi ya sa jesi ya karɓu: ga sanyi, ga araha, ka wanke da dare ya bushe kafin asuba. Amma ba wanda ya ce ka wuni cikin kaki. Rataye ta a ƙusa kusa da injin. Za ka kama sanda, ka sa. Ka gama, ka cire ka sha iska. In da hali ka mallaki biyu, domin rigar da ta jiƙe sharkaf da gumi tana sauƙaƙa wa wutar lantarki hanya, kuma duk mai walda ya san yadda injin ke fizga in jiki a jiƙe yake. Abin da kawai ba na so shi ne naɗe hannun riga. Wannan naɗin aljihu ne ka yi wa wuta da kanka.

Kula da ita ma wani aiki ne, kuma nan ne ake yawan ɓata rawa da tsalle. Auduga mafi kauri in ta sha baƙin mai da giris ta zama lagwani. Saboda haka rigar da ta yi maiƙo ba abin alfahari ba ce, a wanke ta da ruwan ɗumi da omo, ita kaɗai, ba a haɗe da kayan gida ba. Kada ka cire tabon mai da fetur. Na san ana yi, na gani da idona, kuma ganganci ne. Haka in ka zuba wa janareta mai ya fantsamo maka a hannu, kada ka nufi walda sai ka sauya riga. Ban da sitaci, domin yana taimakon wuta. In kuma ka dace da mai FR ɗin nan, ka nisanta ta da bilic da ruwan ƙamshin nan mai tausasa kaya: ɗaya na cinye maganin da aka sa mata, ɗaya na lulluɓe ta da abin da ke cin wuta. Kowace safiya ka duba ta. Bakin hannu da ya yi burtsatse da zare shi ne farkon kamawa, a yanke a kalmashe. Rami a toshe shi da ƙyallen auduga. Ranar da ta yi laushi har gwiwar hannu na leƙowa, ta gama aikinta, a mayar da ita tsumman goge ƙarfe.

Masu waldar gas kuma, ku ji wannan da kyau: kada ka kakkaɓe ƙurar jikinka ko ka sha iska da iskar oksijin ta tukunya. Yadin da ya sha oksijin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya tashi gaba ɗaya. Laita da ashana ma a fitar da su daga aljihu kafin a fara.

Yanzu ga tambayar da na fi so mu yi musu a kanta: wa zai saya? Yaron da ake ba kuɗin abincin rana kawai? Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin samar da kayan kariya ga ma'aikatansa. Mun san babu jami'in da zai biyo hanyar Damari don ya duba rumfar walda, to amma ba sai jami'i ya zo ba. Oga, ranka ya daɗe, iyayen yaron nan amana suka ba ka. Kai da kanka in ka tuɓe riga, tabon da ke damtsenka ya isa shaida. Riguna biyu a rataye a shago ba za su kai kuɗin ƙofa ɗaya ba, kuma yaron da ya kwanta mako uku kai ma ka yi asararsa. Haka masu rabon kayan sana'a, 'yan siyasa da ƙungiyoyi, da ke jera injinan walda a ɗauki hoto: ku ƙara riga da safar hannu ta fata da garkuwar fuska a cikin kwalin. Ƙungiyoyin masu walda, tun daga Panteka a Kaduna har ƙauyukanmu, su ma za su iya mayar da shi sharaɗi kafin a karɓi yaro.

In kuma tsautsayi ya riga ya afku, kada a finciki rigar da ta manne. A yanke ta kewaye da wurin, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja ko baƙin mai. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti.

Ke ma 'yar'uwa da ke karanta wannan kina cewa bai shafe ki ba, leƙa igiyar shanyar gidanku ki ga da me ƙaninki ko yayanki ke fita aiki. Ɗan'uwan nawa dai ya koma shago. Kafin in dawo makaranta na rage kuɗin data na saya masa rigar jins a gwanjo, muka ƙona zarenta tare a ƙofar gida, ta ba mu toka. Ya ce ta yi masa nauyi. Jiya ya turo mini hotonta ta WhatsApp, na ƙirga ƙananan baƙaƙen tabo bakwai a kafaɗar dama.