Kokawa da Ilimin Gina Jiki: Giɓin da ke Cikin Nazarin Hausa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran yankunan kudancin Sakkwato, kokawa abokiyar kaka ce. Sai an girbe gero, rumbu ya cika, sannan ake share fage. Saurayin Dogon Daji da ke shiga da'ira da yamma ya shafe damina yana huɗa, yana ɗaukar dami, yana gwada ƙarfi a gayya. Atisayensa ke nan.

Manazarta sun yi wa wannan fage hidima, amma galibi ta fuskar adabi: kirari, take da waƙoƙin maza. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, gwarzon dambe, ta sha sharhi, kuma ta cancanta. Sai dai jikin da ake wa waƙar an bar shi a baya. Me ɗan kokawa ke ci idan wasa ya matso? Yaya maigida ke koya wa yaro kafa ƙafa da riƙon ƙugu? Da me ake jinyar targaɗe? Kowane kamu da kowane kaye na da suna, kuma sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari. Wannan ilimi a bakin tsofaffin 'yan wasa yake, su kuwa ƙarewa suke yi.

Lamarin ya wuce adana kalmomi. Babur ya rage tafiyar ƙasa, injin niƙa ya karɓe daka da surfe daga hannun mata, hawan jini da ciwon suga kuma sun daina zama cututtukan birni kaɗai. (Ba a cewa a mai da mace bakin turmi, wahala daban, motsa jiki daban.) A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Idan aka fassara wannan kalma da kalma, manomi zai ji kamar zancen 'yan boko ne masu ɗaga ƙarfe a birni. Idan aka faɗa masa da harshen fage, zai gane da shi ake.

Jamhuriyar Nijar ta nuna abin da hukuma ke iya yi. Tun 1975, da aka fara a Tawa, ake gasar takobi ta ƙasa, har kokawa ta zama sana'a mai masu horarwa da alƙalai. A Nijeriya kuwa, in ban da bukukuwa irin na kamun kifi na Argungu, wasan ya fi dogara da masu shirya shi na ƙauye.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta da nisa da waɗannan garuruwa. Ɗalibin Hausa ɗaya da ɗalibin kiwon lafiya ɗaya, da na'urar naɗar magana, za su iya kwashe kaka guda a Dogon Daji, su zauna da waɗanda suka ajiye wasa, su tambaye su har da halin da gwiwoyinsu ke ciki yanzu.