Kafin Gamsheƙa Ta Kwana a Gidan Maƙwabci a Minanata

Da wuya a samu wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai taɓa tsayawa kallon gardi ba. Ana kaɗa ganga, ya buɗe akwati, gamsheƙa ta fasa kai, yara su ja da baya da ihu, sannan a shiga tallar maganin sara. In wasa ya tashi, kowa ya kama gabansa, kuma ba mai tambayar inda akwatin zai kwana. Ga shi yanzu waya ta kawo wani salo: a TikTok da Facebook ana ganin mutane a ƙasashen waje suna ajiye macizai masu dafi a ɗaki kamar yadda ake kiwon tantabaru. Duk matashin da wannan ya ba sha'awa a Sakkwato, ya kamata ya san abin da kiwon yake buƙata tun kafin ya nemi mai kamo masa.

A unguwa irin Minanata, katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, kwata kuma ta haɗa layi gaba ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, mutane a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma su kwana, da yara da tsofaffi. Macijin da ya sulale daga akwati da dare ba ya tsayawa a iyakar gidan mai shi. Shi ya sa wannan kiwo ba zai zama sha'anin mutum ɗaya ba.

Macizan da ake tsoro a nan sanannu ne. Kububuwa 'yar ƙarama ce, amma ita ta fi kashe mutane a arewacin Najeriya, domin dafinta yana hana jini daskarewa, sai a ga jini na fita ta dasashi da fitsari. Kasa tana kumbura ƙafa ta ruɓar da nama, har ya kai a yanke. Gamsheƙa mai tofi kuwa tana feso dafi a ido daga nesa, ba sai ta sari mutum ba.

Masu wasa da maciji kan cire masa haƙoran dafi, wasu ma su ɗinke bakinsa. Haƙoran suna sake tsirowa, jakar dafin kuma tana nan a kansa. Ɗinkin baki kuwa zalunci ne da ke kashe dabbar da yunwa.

Ko ƙwarewa ba ta zama kariya ba. A 1957, Karl Schmidt, shahararren masanin macizai a wani gidan tarihi na birnin Shikago a Amurka, ya riƙe wani macijin bishiya ɗan Afirka da aka kawo masa ya tantance. Macijin ya sare shi a babban yatsa, Schmidt ya ɗauka abin bai kai ya kawo ba, washegari ya mutu.

Ƙasashen da suka yarda da wannan kiwo sun gindaya masa sharuɗɗa. A Birtaniya, dokar dabbobin daji masu haɗari ta 1976 ta wajabta karɓar lasisi daga ƙaramar hukuma, likitan dabbobi ya zo ya duba wurin ajiyar, mai dabbar kuma ya yi inshorar da za ta biya diyya in ta cutar da wani. Masu kiwon da suka san aikinsu suna ware ɗaki guda mai kulle wanda babu ko ƙaramar kafa a jikinsa, keji ma da nasa kullen, da ƙugiya da dogon hantsaki don kada hannu ya taɓa maciji. Suna rubuta sunan nau'in a ƙofa, ba sa buɗe keji su kaɗai, kuma sun san asibitin da ke da makarin dafinsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi nauyi a nan. Allurar makari ba ta yi wa kowane dafi aiki. EchiTAb-G, da aka samar a yankin Wales, ta kububuwa ce kaɗai. EchiTAb-Plus, da ake haɗawa a Kosta Rika, ta ƙunshi kububuwa da kasa da gamsheƙa mai tofi. Duka daga waje ake shigo da su, suna da tsada, kuma sukan yanke. Asibitin da ya ƙware kan sarar maciji yana Kaltungo a Jihar Gombe, tafiyar yini guda cur daga Sakkwato. Wanda ya sayo macijin wata nahiya kuwa, zai yi wuya ya samu makarinsa ko'ina a ƙasar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara saboda sarar maciji, kuma a 2017 ta sa matsalar cikin cututtukan da aka yi watsi da su. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero a Kano ya shafe shekaru yana nuna cewa manoma da makiyaya ne suka fi shan wahalarta. Kowace kwalbar makari da aka ƙarar kan mai kiwon nishaɗi, wani manomi ne a fadamar Rima aka rage wa.

Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta hana ajiye maciji mai dafi a gidajen zama, ta bar shi ga jami'a da gidan namun daji da cibiyoyin bincike masu lasisi. Gardawa kuma a yi musu rajista, a horar da su, su zama waɗanda ake kira in maciji ya shiga gida, a biya su ladan aikinsu. Mai unguwa da limami suna da ta cewa, tunda su ake fara kai wa ƙara.

Kafin a kai can, akwai abin da kowane gida a Minanata ya kamata ya riƙe. In maciji ya sari mutum, kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen baƙin dutse. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. In tofi ne a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa tun a gida, sannan a kama hanyar asibiti.