Ajin Intanet Da Nauyin Da Ya Hau Kan Malami

A watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a rufe makarantu a Nijeriya. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu na shekaran nan ɗalibai fiye da miliyan 1,500 ne suka zauna gida a duniya duka. Tun daga lokacin nan shugabannin kwalejoji da jami'o'i suka mai da hankali ga manhajar tafiyar da karatu, watau wani tsari na kwamfuta inda malami ya ke buɗe aji a intanet, ya zuba darussa, ya ba da aiki, ya karɓa, ya sa maki. Annoba ta wuce, amma tsarin ya zauna. Saboda haka ya kamata mu malamai, da akawunan da ke riƙe da rajista, mu san abin da ke cikinsa.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne gare mu. A zamanin En'e, akawuna da malaman elementare da yawa sun ƙaru da ilmi ta gidan waya, suna aika amsoshinsu zuwa Wolsey Hall da ke Oxford ko Rapid Results College da ke London, su jira makonni kafin a komo musu da gyara. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horad da malamai suna bakin aikinsu. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Nijeriya a 1983, aka dakatad da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a 2002. Abin da ya sake yau shi ne, aikin da dā gidan waya da ofishin rajista su ke yi, yanzu mafi yawansa ya faɗo hannun malami shi kaɗai.

Manhajojin da suka yi suna kaɗan ne. An kafa kamfanin Blackboard a Amurka a 1997. Martin Dougiamas, mutumin Ostareliya, ya fito da Moodle a 2002. Canvas ta fito a 2011, Google Classroom kuwa a 2014. Kwalejoji masu ƙaramin ƙarfi sun fi karkata ga Moodle domin ba a sayenta. Amma irin kyautar doki ce: wanda aka ba shi, shi zai nemi ciyawa da dusa da ɗan barga. Ana bukatar babbar kwamfuta wadda za ta ajiye kome, da wutar lantarki dare da rana, da ma'aikaci wanda ya san gyaranta.

To, mene ne aikin malami a ciki? Kafin a buɗe zango zai tsara kwas ɗinsa mako-mako, ya ɓoye shi daga ɗalibai har ya gama shiri. Zai tabbata sunayen da ke cikin ajin intanet su ne ke cikin rajistar kwaleji, ya cire wanda ya sake kwas, ya shigar da wanda ya zo a makare. Zai raba muƙamai, gama a Moodle akwai malami mai ikon gyara, akwai mataimaki wanda zai iya sa maki amma ba ya iya sake darasi, akwai ɗalibi. In zango ya ƙare zai ɗauki kwafin kwas ɗin duka ya ajiye a wani wuri dabam. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafo kwas ɗin bara a manta da sake kwanaki, ɗalibi ya shiga ya tarar an rufe aiki tun kafin a ba shi.

Wurin da hankali ya fi kamata ya tsaya shi ne littafin maki. A ce kwaleji ta yanka aikin zango kashi 40, jarrabawar ƙarshe kashi 60. In malami ya saita wannan ba daidai ba, na'ura za ta yi ta tara lissafin kuskure ga ɗalibai ɗari biyu ko uku ba tare da ta yi gardama ba, kuma ba lalle a gane ba sai bayan an kafa sakamako. Har wa yau akwai batun kalmar sirri. Malamin da ya miƙa tasa ga shugaban aji ko ga wani yaro don ya rage masa wahala, ya miƙa littafin makinsa ke nan. Manhaja tana rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya taɓa abu, don haka in an sake makin wani, sunan mai kalmar za a gani, shi kuma zai amsa tambaya. Ga shi tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, sunan ɗalibi da sakamakonsa kuwa suna cikin abin da ta ke karewa.

Sa'an nan mu dubi ɗalibi. Galibin ɗalibanmu da waya su ke shiga, da kuɗin data na aljihunsu. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin waya da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Malamin da ya ɗora bidiyon sa'a guda inda shafi huɗu na rubutu da gajeren sauti za su isa, ya ɗora wa ɗan talaka haraji. Haka wanda ya sa a rufe karɓar aiki cikin sa'a biyu, bai tuna da ɗan ƙauyen da sai ya yi tafiya zai sami inda zai yi cajin waya ba, ko matar aure da ke karatu tana raino. Manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ba tare da intanet ba; kamata ya yi a koya wa kowa wannan tun makon farko.

Game da satar amsa, ba shakka abin ya ƙaru da wuya tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, gama yana iya rubuta wa ɗalibi insha'i cikin ƙiftawar ido. Taskar tambayoyi wadda ke ba kowane ɗalibi nasa jeri dabam tana rage kwafe tsakanin abokai, amma ba ta maganin wannan. Abin da mu ke gani shi ne a bar ƙananan gwaje-gwaje a intanet, jarrabawar ƙarshe kuwa a yi ta a zaure gaban mai tsaro. Aikin gida kuma a rataya shi ga abin da ɗalibi ya gani da idonsa a ajin da ya yi gwajin koyarwa, a kuma tambaye shi baki da baki.

Akwai malaman da ke ja da baya, kuma ba dukansu ne raggaye ba. Wani yana tsoron a kwashe darussan da ya yi shekaru yana tarawa a ba wani ba da izninsa ba. Wani yana ganin an ƙara masa aiki ba a rage masa awoyi ba. Waɗannan koke-koke suna da tushe. Amma wanda ke ƙi don kada cinikin takardun darasi ya mutu masa, wannan ba mu da abin da za mu kare shi da shi.

Shawararmu ga hukumomin kwalejoji uku ce. A horad da malamai da akawunan rajista tare, kafin a tilasta wa kowa shiga. A rubuta ƙa'ida a fili: wa ke buɗe kwas, wa ke da ikon taɓa maki, na wane ne darasin da aka ɗora, shekara nawa za a ajiye kwafi. A kuma riƙa buga sakamako a takarda, malami da shugaban sashe su sa hannu, a adana a ofis. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan jama'a, amin.