Riƙon Raket da Riƙon Yara

A ƙasar Meziko aka soma wasan padel a 1969. Raket ɗinsa kamar ƙaramin allo yake, mai huda-huda. Kafin mu buga, sai mu zura hannu cikin igiyar ƙotarsa, kada ya kuɓuce ya ji wa wani ciwo. Sa'an nan mu juyo gefensa sama, mu kama ƙotar kamar ta guduma. In mun matse ƙwarai, gwiwar hannu za ta yi tsami. In kuwa mun yi sako-sako, ƙwallo ya fi ƙarfinmu.

Iyaye, haka riƙon yara yake. Tsanani yakan kore su daga gida, sakaci kuma yakan lalatar da su. Bari mu karanta Afisawa 6:4 yau da dare, mu roƙi Ubangiji hikima.