Dajin Kamuku: Tsuntsaye na raguwa, ba mai iya shiga ya ƙirga

Duk manomin da ya manyanta a Dandume ya san ma'anar saukar shamuwa a kan bishiyoyin gari: damina ta ƙarato, a gyara gona. Ya kuma san zamanin da ungulu ke cika mahauta ranar kasuwa. A yau, a garuruwan Arewa da dama, sai mutum ya wuni a mahauta bai ga ko ɗaya ba. Tun a shekarar 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya wannan ungulu ta gida cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta a wurin masu maganin gargajiya. Gauraka ma, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusan zama labari.

A wasu ƙasashe, irin wannan tsuntsu da ke wuyar gani dukiya ne. Gambiya, duk da ƙanƙantarta, tana da nau'in tsuntsaye sama da 500, kuma Turawa kan biya kuɗin jirgi da masauki da ɗan rakiya don kawai su gan su. Najeriya na da sama da 900. A Jos, cibiyar APLORI da ke dajin Amurum ta shafe sama da shekara 20 tana horar da masana, a yankin da aka gano wani sabon nau'in tsuntsu a 1998. Dausayin Hadejia da Nguru kuwa masauki ne na tsuntsayen da ke gudo wa hunturun Turai.

Yankin Funtua ba a bar shi a baya ba wajen wannan arziki. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka ɗaga zuwa gandun ƙasa a 1999, yana nan kusa, kuma an san shi da burtu, tsuntsun nan da maharba ke ɗaura kansa a goshi don yaudarar namun daji. Sai dai shekaru ke nan dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Inda manomi ke tsoron zuwa gonarsa, wane baƙo ne zai shiga da madubin hangen nesa?

Asarar ta wuce ta kuɗin yawon buɗe ido, wanda dama bai taɓa yin ƙarfi a nan ba. Babbar asarar ita ce ta sani. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, da aka fara a 2015, ya dogara ne ga 'yan sa-kai da ke bin yanki-yanki suna rubuta abin da suka gani. Wurin da ƙafa ba ta taka ba, haka zai zauna fayau a taswira. Ga yankin da ke cika kasuwar hatsi ta Dandume da masara da dawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mujiya da shaho ne ke rage ɓeraye a gona, ungulu ke kwashe mushe, sannan jan-baki, mai cinye gero da dawa da shinkafa, ba a tare shi sai an san inda yake kwana.

Ba lallai a jira Kamuku ba. Madatsar Mairuwa da fadamun Funtua da Malumfashi sun isa a fara ƙidaya, idan malaman gona da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka samu horo da 'yan kayan aiki. Tsofaffin maharba kuma, waɗanda suka san kowane tsuntsu da sunansa na Hausa da lokacin zuwansa, ya kamata a rubuta abin da ke kansu tun suna raye.