Wa ya halatta jinin Muhammad Taha?

Yau zancenmu ya kai mu ƙasar Sudan. A watan Mayu na shekarar 2005 aka gurfanar da Muhammad Taha Muhammad Ahmad, babban editan jaridar Al-Wifak, gaban kotu a birnin Khartum, saboda jaridarsa ta buga wani rubutu mai sa shakka a kan nasabar Manzon Allah (SAW). Babu Musulmin da zai ji haka ransa bai ɓaci ba, ni ma nawa ya ɓaci. Shi kuwa ya ce ya kawo zancen ne don ya ƙaryata shi, kuma ya fito fili ya nemi gafara. Mutumin nan fa ba baƙon addini ba ne, cikin masu fafutukar Musulunci na Sudan ya taso.

Amma ina! Dubban mutane suka yi cincirindo a ƙofar kotu suna kiran a kashe shi. Aka ci jaridar tara, aka dakatar da ita na wata uku, amma hukuncin da aka yanke masa a kan titi bai tashi ba. A daren 5 ga Satumba 2006 wasu mutane da fuskoki a rufe suka ɗauke shi daga gidansa. Washegari aka tsinci gawarsa a kudancin birnin, an sare masa kai.

A ganina laifin farko yana wuyan waɗanda suka halatta jininsa da baki. Shari'a ta ɗora hukunci a hannun alƙali, da shaidu, bayan an saurari wanda ake tuhuma. Ranar da taron jama'a ya ƙwace wannan aiki, duk mai jin haushin mutum ya samu inuwar fakewa. Taha kuwa yana da maƙiya barkatai, don alƙalaminsa bai ƙyale manyan ƴan siyasa ba, bai ƙyale ƴan tawayen Darfur ba.

Dubi yadda abin ya ƙare. A watan Afrilu 2009 aka rataye mutum tara ƴan Darfur a kurkukun Kobar bisa laifin kisan, aka ce haushin rubuce-rubucensa kan Darfur ne ya tunzura su, ba maganar addini ba. Su kuma sun shaida wa kotu cewa da azaba aka sa su amsa laifin, ƙungiyar Amnesty ma ta yi tir da yadda aka gudanar da shari'ar.