Kartar Duba da Karatun Ƙetare

'Yan'uwana ɗalibai, kwanan baya na iske wani abokina a ɗakin kwananmu ya zura wa wayarsa ido, wata Baturiya tana jera masa karta. Ya sami gurbin digiri na biyu a Ingila, mahaifinsa kuwa ya ce zai sayar da gona ya biya. Abin da yake nema ga kartar shi ne ta gaya masa ya tafi ko ya zauna. Da katin da ake kira Duniya ya fito, sai ya ce da ni magana ta ƙare. Ni kuwa a ganina ko fara ta ba a yi ba.

Wannan karta, wadda Turawa ke kira tarot, guda 78 ce. Guda 22 manya ne masu sunaye irin su Wawa da Rana da Wata da Mutuwa, sauran 56 kuma an kasa su gida huɗu. Asalinta arewacin Italiya ne wajen 1440, inda sarakunan Milan da Ferara suke wasa da ita don nishaɗi, kuma har yau ana wannan wasa a Faransa. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya yi da'awar wai hikimar Misirawan dā ce ke ɓoye cikin hotunanta, alhali a lokacin babu mai iya karanta rubutun Misirawan. Bayan da Champollion ya warware rubutun a 1822, ba a sami abin da ya tabbatar da zancen ba. Fitacciyar kartar da aka fi gani yau kuwa a London aka buga ta a 1909.

To, me ya sa mai duba yakan yi kamar ya dace? A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne. Suka auna dacewar bayanin, ta kai kimanin 4.3 cikin 5. Ashe magana ɗaya ya raba musu duka, daga littafin taurari ya tsinto ta. Haka mai karta yake yi. In ya ce akwai tafiya gabanka, akwai kuma wahala kafin daɗi, wane ɗalibi ne wannan bai shafa ba? Mu ma mun san wannan salo wajen masu bugun ƙasa. Abin mamaki shi ne wanda zai ji kunya a gan shi a zauren ɗan duba, sai ya karɓi abu ɗaya da hannu biyu don kawai ya zo da Turanci.

Wasu za su ce ai kartar tana taimaka wa mutum ya san abin da zuciyarsa take so. Na yarda zullumin tafiya gaskiya ne, kuma mai shirin rabuwa da iyaye yana bukatar abin da zai kwantar masa da hankali. Amma abokina ya riga ya san abin da yake so. Abin da bai sani ba lissafi ne. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta kai kusan 1,500 a farkon 2024, ɗalibai da yawa suka kasa cika kuɗin makaranta. A Janairun 2024 Ingila ta hana galibin masu digiri na biyu zuwa da iyalinsu. Yaƙi ya kori ɗalibanmu daga Yukren a 2022, ya kuma kore su daga Sudan a 2023. Wanda ke bin labarai ya fi mai karta damar shirya wa irin waɗannan.

Saboda haka ga tambayoyin da suka cancanci ɗalibi. Shin hukumomin ƙasarmu sun amince da jami'ar? In likitanci ne, ya san sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta Nijeriya in ya dawo kafin ya fara aiki? Nawa ne kuɗin haya da abinci? In naira ta ƙara faɗuwa, wa zai cike giɓin? Ya nemi tallafin Commonwealth ko Chevening ko PTDF kafin a taɓa gonar? Amsoshin nan suna wajen malamanmu da waɗanda suka je suka dawo, kuma matambayi ba ya ɓata.

Mun shigo jami'a domin mu koyi neman hujja kafin yanke hukunci. Wanda zai dogara ga katin da aka zaro a makance ya sa a sayar da gonar gado, haƙiƙa bai amfana da wannan koyarwa ba. Na ce da abokina ya ajiye waya, ya ɗauki alƙalami da takarda, ya tafi gida su zauna da Baba su yi lissafi. Shawara ɗaukar ɗaki ce.